Baƙunta A Lushoto: Ranar Da Agogo Ya Ba Ni Kunya

A wannan watan zan ba ku labarin zaman da na yi a wani ƙaramin gari na ƙasar Tanzaniya, domin na san da yawanmu aikin maigida kan ɗauke mu ya kai mu inda ba dangin iya ba na baba.

A shekarar 2018 aka tura maigidana aikin koyar da manoma a Lushoto, cikin lardin Tanga. Daga birnin Darussalam kusan wuni muka yi a mota. Da muka kai wani gari mai suna Mombo sai muka bar babban titi muka kama hawan duwatsun Usambara, tafiyar fiye da kilomita 30, hanya sai lanƙwasa take yi, ga dutse a dama ga kwazazzabo a hagu. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu addu'ar da ban karanta ba.

Garin kore shar yake. Ko'ina ayaba ce da kabeji da karas da dankalin Turawa a gangaren dutse, ana loda su a manyan motoci zuwa birane. Jamusawa da suka fara mulkin ƙasar sun so wurin saboda sanyinsa, har suka sa masa suna Wilhelmstal. Akasarin mutanen 'yan ƙabilar Sambaa ne, Musulmi da Kirista a cakuɗe, kuma kowa na jin Suwahili. Damina biyu gare su, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Oktoba zuwa Disamba. A Yuni da Yuli kuwa, alwalar asuba sai an ɗumama ruwa.

Tun ranar farko na gane gaskiyar Bahaushe da ya ce baƙo ko da ido makaho ne. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba, sai maigida ya ce in juya, wai a nan alƙibla arewa take, tunda Makka tana arewa da su. Haka kuma mazhabar Shafi'iyya suke bi: liman yana bayyana Bisimilla a Fatiha, ƙunutin asuba ma a bayyane bayan ruku'u. Na karanta wannan a kwaleji, amma ban taɓa ji da kunnena ba sai a can.

A kicin ma sai da na koma 'yar koyo. Tuwon masararsu, ugali, ya fi namu tauri, ana cin sa da wake ko ganye. Shinkafa da ruwan kwakwa ake dafa ta. Daddawa da kukar da na zo da su kuwa, wata biyu suka ƙare, kuma ban ga mai sayarwa a kasuwa ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin baki. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina fassara littafi, sai ga shi ko albasa ba na iya tayawa. Don gudun kada a yi mini dariya sai na kulle ƙofata. Maigida ke cefane, ni kuwa ina riƙe da waya ina hira da 'yan gida, in dare ya yi in tasa shi da rigimar ya mayar da ni. Wata uku muna haka, har zaman namu ya fara tsami.

A jikin gidanmu akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Bibi, wato kaka. Wata rana da sassafe, maigida ya yi tafiya, sai jikarta, 'yar sakandare mai ɗan jin Turanci, ta zo ta shaida mini 'yar Bibi ta rasu a wani ƙauye can saman dutse, matan unguwa za su taru su tafi a mota ɗaya. Na tambayi lokaci, ta ce "saa nne". Na riga na haddace ƙidayarsu, na san nne huɗu ne. Ina idar da la'asar na yafa mayafi na fito. Unguwa tsit, babu kowa sai kaji.

Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, saboda a ƙasarsu lokacin fitowarta bai cika sauyawa ba duk shekara. Bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, saboda haka huɗunsu goma na safe ne. Matan unguwa duka sun tafi, Musulmi da Kirista, kowace da gudummawarta, ni kaɗai ce ban je ba. Ni da nake karantar da haƙƙin maƙwabtaka! Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Bayan kwana uku Bibi ta dawo. Na tsaya a ƙofarta na yi sallama, na ce "hodi", yadda suke neman izinin shiga. Na durƙusa na ce "shikamoo", gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba, ta amsa da "marahaba". Na ce "pole", wato sannu da haƙuri, daga nan Suwahilina ya ƙare, sai hawaye. Jikar ta yi mata bayanin agogo. Allah Sarki, tsohuwar nan tana cikin baƙin ciki amma sai da ta yi murmushi. Ta sa aka gaya mini cewa tun zuwana sun ɗauka raina su nake yi. Sannan ta turo mini tiren shinkafa ta ce in tsince, wai a wurinsu baƙo kwana biyu ne, rana ta uku a miƙa masa fartanya. Mu kan ce baƙo raɓa ne, su kuwa aiki suke ba shi don ya zama ɗan gida.

Daga wannan tiren bakina ya buɗe. Sai na tarar harshen nasu cike yake da 'yan uwan kalmominmu: sabuni sabulu, habari labari, asubuhi safiya, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an fassara ba. Suka riƙa kirana Mama da sunan ɗan farina, kamar dai a gida. Na koyi taya a kasuwa, na koyi ɗaura kanga, zanensu mai rubutun karin magana a gefe. Na gano vitumbua ɗinsu wainar shinkafa ce aka sa wa kwakwa, na soya musu tamu suka yi ta santi. Da yamma 'yan matan unguwa su zo in gyara musu tajwidi, su kuma su gyara mini harshe, mu yi ta yi wa juna dariya. Rigimar dare ma ta mutu da kanta. Ranar da za mu baro garin a 2020, Bibi ta riƙe hannuna har bakin mota.

To 'yar uwa, idan Allah Ya kai ki baƙon wuri, kada kunya ta kulle ki a ɗaki, don mutane ba kunyar suke gani ba, girman kai suke gani. Fara da gaisuwa, kuma a yi miki dariya ba mutuwa ba ce. Idan kuwa a unguwarku ne aka kawo amarya ko matar ma'aikaci da ba ta jin Hausa, kada ki yi saurin cewa tana ji da kanta. Shiga ki yi mata sallama, wataƙila tiren shinkafa kawai take jira.

Allah Ya jiƙan 'yar Bibi, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.