Mai Biya Kafin A Dafa

'Yar'uwa, na san da kin ji an ambaci ƙwallo za ki ce ina ruwan biri da gada, ai wannan hidimar maza ce. Da gaskiyarki, amma ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni, domin maganar da zan kawo ta ciniki ce, ciniki kuwa babu wanda ya fi mu saninsa, mu da muke ƙirga kuɗin cefane kullum safiya, muke kuma juya 'yar sana'armu a cikin gida.

A can ƙasar Ingila, inda ƙungiyoyin nan da mazanmu da ƙannenmu suke mutuwar so suke, akwai wani abu da ake kira tikitin kakar wasa. Gasar Firimiya ƙungiyoyi 20 ne a cikinta, kowace tana buga wasa 38, guda 19 a filinta, 19 a filin wasu. To maimakon mutum ya riƙa yankar tikiti duk ranar wasa, sai ya biya kuɗin wasannin gida 19 ɗin nan a dunƙule tun kafin a fara. Shi ke nan an ba shi kujerarsa mai lamba, daga watan Agusta har watan Mayu babu mai zauna masa a kai.

Ita ƙungiya abin da take samu a fili yake. Kuɗin yana shigo mata ne a lokacin hutu, sa'ad da babu wasa amma albashin 'yan wasa da ma'aikata bai tsaya ba. Bayan haka ko ta ci ko a lallasa ta, ko ana ruwa ko ana tsananin sanyi, kuɗi dai ya riga ya kwana a asusu. Shi kuma mai saye yana samun ragi, don in aka raba abin da ya biya gida 19 ba ya kai na mai yankar ɗai-ɗai ba.

Wajen yanka farashin kuwa dabara iri-iri ake yi. Wanda ya sabunta nasa da wuri a yi masa rangwame, wanda ya yi nawa ya biya da tsada. Kujerar da take tsakiyar fili ta fi ta bayan raga kuɗi. Yara da tsofaffi a rage musu, domin yaron da ya saba bin babansa fili shi ne mai biyan gobe. Wanda ba zai iya fitar da kuɗin lokaci ɗaya ba a ba shi damar biya wata-wata, kamar zubin adashe. A manyan ƙungiyoyi ma layi ake bi, mutum ya shekara da shekaru yana jiran wani ya saki kujera.

Ni abin nan bai yi mini wuyar ganewa ba, saboda ina suyar waina. Akwai wani gida a layinmu da suke aiko mini da kuɗin wainar safe na wata guda cur a farkon kowane wata. Da kuɗin nan nake auno shinkafa da yawa in sayi mai a jarka, ba sai na bi mai awo da ɗan kwano-kwano ba. Ni kuma kafin kowa ya samu nasu nake fara cirewa, da gyara a kai, kuma ba a taɓa cewa ɗan aikensu ta ƙare ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Amma fa ranar Juma'a, idan baƙi suka yi layi a zaure suna miƙo kuɗi, ƙullu ya ƙare, ga kwanon mutanena a rufe a gefe, wani har ya ce zai ninka kuɗin a ba shi, to a nan ne zuciya take ƙaiƙayi.

Wannan ƙaiƙayin shi ne yake damun manyan ƙungiyoyin Ingila. Baƙon da ya taso daga wata ƙasa don ya ga wasa ɗaya zai biya ko nawa aka ce, ya shiga kantin ƙungiya ya sayi riga da hula, ya ɗauki hoto ya tafi. Shi kuwa ɗan gari mai tikitin kaka da ragi ya saya, rigar da ke jikinsa ma ta shekarun baya ce. Ga kuma wani abu da masu ƙungiya suka sani sarai: mai sayen tumatir in an tsawwala masa sai ya matsa rumfar gaba, amma wanda ya gaji son ƙungiya daga uba da kaka ina za shi? Ba zai koma wa abokan hamayya ba ko da kyauta za su shigar da shi. Kin ga ke nan so ɗin nan nasa shi ake yi wa kuɗi.

A farkon shekarar 2016 masu Liverpool, wasu attajirai 'yan Amurka, suka sanar da sabon farashi. Tikitin wasa ɗaya mafi tsada zai tashi daga fam 59 zuwa fam 77, tikitin kaka mafi tsada kuma ya haura fam 1,000. Abin da ya ƙara ƙona ran mutane shi ne, a daidai lokacin ƙungiyoyin Firimiya suna shirin fara raba sama da fam biliyan 5 na kuɗin nuna wasa a talabijin na shekara uku. Ran 6 ga Fabrairu ana wasa da Sunderland, da agogo ya kai minti na 77, sai mutum wajen 10,000 suka miƙe suka fice daga filin Anfield. Lokacin Liverpool tana gaba da ci biyu da nema, kafin a tashi an farke duka biyun. Bayan kwana huɗu masu ƙungiyar suka rubuto takardar ban haƙuri, suka janye ƙarin. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido. A shekarar ce kuma aka yanke cewa magoyin bayan da ya bi ƙungiyarsa zuwa filin wasu a Firimiya ba za a karɓi fiye da fam 30 a hannunsa ba.

Akwai kuma waɗanda suka bi ta ɗaya hanyar. A 2007 Bradford City ta faɗo rukuni na huɗu, ga talauci ga kunya. Maimakon ta ƙara kuɗi ta cike giɓi, sai ta karya farashin tikitin kaka zuwa fam 138. A rukunin nan wasan gida 23 ne, wato kowane wasa ya kama fam 6 ke nan. Mutum sama da 12,000 suka saya, kuma a kakar nan babu ƙungiyar da ta kai ta 'yan kallo a rukunin. Kada ki ɗauka araha ce ta ciwo musu wasa, domin sai a 2013 suka samu suka hau rukuni na gaba. Amma duk tsawon shekarun wahalar nan filinsu bai zama kufai ba.

Rigimar kuwa ba ta mutu ba. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitin wasa ɗai-ɗai fam 66, babu ragin yaro babu na tsoho, magoya baya suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a ƙofar fili.

To 'yar'uwa, ba cewa nake kada a ƙara kuɗi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 wace ce a cikinmu ba ta ƙara ba? Shinkafa ta tashi, mai ya tashi, itace ya tashi, wadda ta ƙi ƙarawa jarinta ne zai karye. Abin dubawa shi ne a kan wa ƙarin zai fi nauyi, kuma yaya za a faɗa masa. Mai biya kafin a dafa ya ba ki amana da jari a lokaci guda, shi ya kamata ya fara jin labari daga bakinki tun kafin wata ya ƙare, a gaya masa dalili, a kuma bar masa ɗan fifikonsa a kan baƙo. Baƙon Juma'a yau yana nan gobe ya wuce, ranar da aka wayi gari da ruwan sama babu kowa a zaure, kwanon nan da aka riga aka biya shi ne zai hura miki wuta.

Idan kuma ke ce mai biyan, ko kuɗin ɗinki ne, ko na kitso, ko na makarantar yara, ki san kina da baki. Mutanen Anfield ba su jefi kowa ba, ba su ƙona komai ba, tashi kawai suka yi tare a minti ɗaya, aka ga kujerunsu wayam, aka gane darajarsu. Sabo da mutum ba lasisin tatsarsa ba ne, kuma wanda ya yi shiru shekara goma yana biya ba wai bai iya lissafi ba ne.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya bar mu da abokan cinikinmu na arziki.