Waiwaye: Cokalin Tarakta da Hanyoyin Ƙauyukan Mubi

Duk wanda ya tashi a Mubi ya san damina ba ta tafiya sai ta bar wa mutane aiki. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara da ƙarfinsa yake zuwa, ƙasarmu kuma mai rairayi ce, ba ta da riƙo. Kafin ya faɗa Kogin Yedzaram ya yanke hanya a nan, ya cinye gefen gona a can, ya buɗe kwari a inda bara ake shanya gyaɗa. Idan kaka ta yi, sai ka tarar da dawa da masara da wake jibge a ƙauye, amma motar da za ta kai su kasuwa ba ta da ta inda za ta bi.

A shekarun 1980, lokacin muna Jihar Gongola, na yi yaron tarakta a hannun ƙanen mahaifiyata. Kawu ya koyi tuƙi ne a zamanin da gwamnati ta ɗauki noma da zafi, daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 zuwa shirin juyin noma na Shagari a 1980. A lokacin taraktoci suka yawaita a Arewa: ga Steyr da ake haɗawa a Bauchi, ga Fiat daga Kano, ga kuma Massey Ferguson. Wadda Kawu ke tuƙawa tsohuwar Massey Ferguson 135 ce, ja, mai silinda uku, ta wani ɗan kasuwa da ya saye ta na hannu. Tare da ita aka haɗo masa garma da haro da tirela, da wani ƙarfe da ya daɗe a yashe a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a ciki. Shi ne muke kira cokali.

Akwatin ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki, leɓensa na ƙasa mai kaifi, ana ɗaura shi a bayan tarakta a wurare ukun nan da ake ɗaura garma: hannuwa biyu a ƙasa, sanda ɗaya a sama. Wannan dabarar ɗauri ta Harry Ferguson ce, mutumin arewacin Ailan, kuma ta bazu a duniya ne da taraktar Ford ta 1939 da ƙaramar Ferguson mai ruwan toka da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946. Amfaninta shi ne direba na zaune yana ɗaga kayan aiki yana saukewa da liba ɗaya, nauyin kayan kuma yana danne tayoyin baya su ƙara kama ƙasa. Cokalin namu ba ya ɗaukar abin da ya wuce baro biyu zuwa uku. Fuska biyu ake ɗaura shi: bakinsa na kallon gaba idan za a kankare ƙasa ana tafe, ko yana kallon baya idan za a soka shi cikin tuli. A samansa akwai sakata da igiya. Ka ja igiyar, ya kife ya zubar da abin da ya ɗauko.

Taraktocin garin da dama wata biyu ko uku suke aiki a shekara. Da an gama kaftu da haro sai a jingine su. Kawu kuwa da ya gano amfanin cokalin nan, sai rani ya zama masa damina ta biyu. Ya ciko filin gini a Lokuwa, ya kwashe taki daga garken shanu zuwa gonaki, ya tara wa magina jar ƙasa. Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata hanya a wani ƙauye da ke wajen Digil, inda ruwa ya yanke ta har jaki mai kaya sai an sauke masa kafin ya haura.

Jauron ƙauyen da kansa ya zo gida. Bayan an gaisa ya ce, "Malam, kuɗin katafila ba mu da shi. Gas za mu iya haɗawa, hannuwa kuma akwai."

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, to kada a bari ƙasar ta gama bushewa. In hunturu ya shiga sosai, sai dai diga."

Gaskiya ya faɗa. Cokali ba ya cin busasshiyar ƙasa, zamewa yake yi a kanta yana ƙara. Saboda haka sai da Kawu ya fara bi da garma ya fasa marmarar da ke gefen tudu, sannan muka sauya. Zai juya rabin jikinsa baya, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a liba, ya ja da baya a hankali har bakin cokalin ya nutse cikin tulin. Idan tayoyin suka fara juyawa a wuri ɗaya, sai ya ɗan ɗaga, ya sake turawa. Da ya cika ya ɗaga shi, gaban taraktar ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Don haka muke ɗaure buhunan yashi a gaba, shi kuma yana taimaka wa juyi da birkin ƙafa ɗaya. Idan akwai hawa, da baya yake hawa, don nauyin ya kasance ta saman tudu. Aikina shi ne sa fil da cire shi, da duba mai, da nuna masa bakin rami da hannu. Doka ɗaya ya kafa mini tun ranar farko: "Kada ka kuskura ka shiga tsakanin taya da cokali inji na kunne. Ko ni na ce ka shiga, kada ka shiga."

Samarin ƙauyen suka jera duwatsu a gindin kwarin don ruwa ya samu wurin wucewa, mu muna zubo ƙasa a kai, su suna bajewa da shebur suna dannewa da turame. Mata suka kawo kunun gyaɗa a manyan ƙore. Abin da da kwano a ka zai ci ƙauye guda makonni, kafin ranar kasuwa ta zagayo an gama shi. Ba hanyar kwalta ba ce, kuma damina mai zuwa ta sake cin wani sashe nata. Amma amfanin gonar wannan shekarar ya fita, kuma mutanen sun san in ta sake yankewa ga inda za su nufa. A wannan ranin ne kuma wani Ardo ya sa muka yashe masa tafkin da shanunsa ke sha, muka tara ƙasar a bakin gangare don ruwa ya ƙara daɗewa.

Abin ya fara ja da baya ne bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira. Kayan gyara suka yi tsada, famfon haidirolik ya fara yoyo, aka yi ta ɗinki har ya daina ɗagawa. Mai taraktar ya sayar da ita, Kawu ya koma tuƙin tifa. Cokalin kuwa masu gwangwan ne suka auna shi a sikeli.

Yau Mubi ta girma. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2002, ga kasuwar shanu da tireloli ke lodi zuwa Kudu. Zaizayar ƙasa kuwa ba ta ragu ba, gine-gine ma sun ƙara matse wa ruwa hanya. Amma idan ana maganar tarakta, garma da haro kawai ake lissafawa. Ƙaramin ramin da rabin yini zai cike sai a zuba masa ido ana jiran ɗan kwangila, har ya zama kwazazzabon da sai miliyoyi. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Cokalin tarakta ba ya maye gurbin katafila, kuma ba ya gina gada. Amma ba shi da inji, ba shi da taya, farantin ƙarfe ne da sakata, masu walda na cikin garin nan za su iya ƙera shi idan aka ba su awo. Ina kira ga ƙungiyoyin manoma da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, da duk mai tarakta ta haya: a haɗa da shi cikin kayan aiki, a koya wa matasan direbobi amfani da shi cikin kiyaye rai, a kuma tari zaizaya tun tana ƙarama.