Kansas a zamanin yaƙin Biyetnam

Mu da aka tura karatun noma Jami'ar Jihar Kansas a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da take ƙawance da Jami'ar Ahmadu Bello, yanzu saura ƙalilan. In mun haɗu wurin ɗaurin aure, hira ba ta wuce garin Manhattan, ba na New York ba, ƙaramin nan mai iskar hunturu da ke huda kunne. Mun dai tuna: galan ɗin fetur bai kai senti 40 ba, kan sarkin wasiƙar cikin gida senti 6, ƙamshin kofi kuwa tun asuba ya cika matakala.

Tsohuwar da muke haya a gidanta Inna muke ce mata, har ta saba tana amsawa. Ta daɗe tana mamakin samari masu hankali da ke ɗaga ƙafa suna wankewa a wurin wanke fuska. Da ta gane alwala ce, sai ta ajiye mana tawul namu daban, ta kuma ware mana kaskon da naman alade bai taɓa ba.

Mun baro gida ana yaƙin basasa, muna zaton mun zo inda hankali yake kwance. Ashe kowa da kiwon da ya karɓe shi. Nasu yaƙin ba a jin ƙarar bindigarsa. Ta akwatin wasiƙa yake shigowa, da talabijin. Barikin Fort Riley na nan kusa, kullum sai ka ga yara da sabon aski a tashar bas, suna taunar cingam, ba mai kallon idon uwarsa. Da magariba Walter Cronkite ya fara labarai, Inna takan ajiye saƙarta, domin autanta yana Biyetnam.

Daren 1 ga Disamban 1969 aka yi ƙuri'ar ɗaukar soja, ana zaro ranakun haihuwa 366 ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira ta farko, 14 ga Satumba, wani ɗan ajinmu mai wannan ranar haihuwa ya miƙe ya fita ba ko sallama. Washegari ya zo aji kan lokaci, ya ma ari biro. Haka suke: ciki na ƙuna, baki na cewa lafiya lau.

Autan Inna ya dawo da ransa, amma ba kiɗa ba guɗa. Ya naɗe kakinsa ya tura ƙarƙashin gado, ya koma sayar da fetur, ba ya son a tambaye shi komai. Maƙwabcinmu kuwa motar gwamnati ce ta tsaya a ƙofarsa, da sojoji cikin kaki. Ɗansa na cikin sojojin Amurka fiye da 58,000 da ba su dawo ba.

Matan unguwa suka kai abinci a rufe, suka juya. Mu kuwa da ba mu san wata hanya ba, muka je muka yi masa zaman makoki irin na gida, kwana uku. Da farko ya rasa abin da muke jira. Bayan wata guda sai ga shi da makullin motarsa, wai ya lura ba wanda ya iya tuƙi a cikinmu. Duk Asabar yake koya mana a hanyar gonaki, kamar yadda ya koya wa ɗansa, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Har yau in na kasa juya mota da baya, laifina ne, malamin ya yi iya ƙoƙarinsa.