Kwantena A Kakuri Da Tsoron Da Ke Kan Hanya

Da hantsi na haye gadar Kogin Kaduna na nufi kudu. Na wuce shataletalen da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda a da layin dogo na Legas zuwa Kano ke haɗuwa da wanda ya taso daga Fatakwal. Daga nan na miƙe zuwa Kakuri, unguwar da a zamanin ƙuruciyata jiniyar masaƙu ce ke tashin mutane da asuba. Masaƙar KTL, wadda aka kafa a 1957, yau ciyawa ta cinye harabarta. Amma ba kufai na zo kallo ba. Na zo ne in ga tashar sauke kaya ta kan tudu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ranar 4 ga Janairun 2018, ita ce ta farko irinta a Nijeriya.

Manufar tashar a bayyane take. Ɗan kasuwar Arewa ba sai ya je Apapa ya kwana yana bin takardu ba. Kwantenarsa za ta taso daga Sin ko Indiya, ta sauka a Legas, a turo ta Kaduna a rufe, jami'an kwastan su buɗe ta a nan. Haka kuma cittar Kachiya da riɗi da zoɓo za a ɗure su a nan, a rufe, su nufi teku.

Na tsaya a bakin titi ina kallon akwatunan ƙarfe, masu ƙafa 20 da masu ƙafa 40, an ɗora wasu kan wasu. Abin da ya ja hankalina shi ne ɗan hatimin ƙarfen da ke ƙofar kowace kwantena, wanda bai fi tsawon yatsa ba, ɗauke da lamba. Lambar nan tana cikin takardar da mai jirgin ruwa ya bayar. In aka iso aka tarar ta dace, hatimin bai karye ba, to an ɗauka babu wanda ya sa hannu a kayan. Kasuwancin duniya kacokan ya rataya ne a kan wannan ɗan ƙarfe da amanar waɗanda suka taɓa shi.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, manyan ƙasashe suka tsorata kada a ɓoye makami a cikin kwantena. Daga nan aka fito da dokar tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu ta ISPS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2004. A 2005 kuma Hukumar Kwastan ta Duniya ta amince da tsarin SAFE, wanda ya tanadi a san abin da ke cikin kaya tun kafin su taso, a kuma sauƙaƙa bincike ga kamfanonin da suka tabbatar da riƙon amana. Dokoki ne masu ma'ana. Sai dai sun fi ƙarfi a inda akwai katanga da kyamara, alhali tsakanin Apapa da Kakuri akwai ɗaruruwan kilomitoci na daji.

A gindin wata bishiya na tarar da wani dattijon direban tirela yana alwala. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wace hanya kuka biyo?" Ya ce ta Lakwaja da Abuja, domin ya daɗe da barin ta Tegina da Birnin Gwari, ko da yake ita ya saba bi tun yana yaron mota. Ya ce in la'asar ta yi masa a Tafa, nan yake kwana, ba ya yarda duhu ya riske shi a tsakanin Katari da Rijana. "Malam," in ji shi, "kayan suna da inshora, ni kuwa sai Allah."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. A wannan yanki ne, daren 28 ga Maris na 2022, 'yan ta'adda suka dasa bam a layin dogon Abuja zuwa Kaduna, suka kashe fasinjoji, suka tafi da fiye da mutum 60. Sai a Oktoba aka sako na ƙarshensu, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Jirgin fasinja ne aka kai wa hari, amma duk mai kaya a Kaduna ya fahimci saƙon. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, da kowane ɗan rakiya da aka ɗauka, da abin da ake miƙawa a shingaye, duk suna komawa kan farashin da talaka zai biya a Kasuwar Barci.

Kakanninmu fatake sun san wannan darasi tun kafin a ƙera kwantena. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja yana da madugu, yana da jagaba mai duba hanya, yana da zango sananne a kowane yini. Madugu ba ya dogara da takobi kaɗai. Yana kai wa sarakunan hanya gaisuwa, yana sayen abinci da harawa a hannun mutanen ƙauyuka, har su ga cewa wucewar ayari lafiya riba ce a gare su. Mutumin da ke ci daga hanya shi ne farkon mai tsaron ta.

Abin da na gani a Kakuri ke nan ta fuska ta biyu. Matasa sun yi cincirindo a bakin ƙofofin masana'antun da suka mutu, suna kallon dukiya tana wucewa a rufe, babu rabonsu a ciki. Haka lamarin yake a ƙauyukan da ke bakin titin Abuja. Ba ina cewa talauci uzuri ne na fashi ba. Amma wanda bai da abin da zai rasa in hanya ta mutu, da wuya ya tona asirin mai ba 'yan bindiga labarin motar da ta taso.

Don haka in ana son tashar Kakuri ta cika alkawarinta, ana bukatar jirgin kaya mai zuwa a kan lokaci, da zangon tireloli mai haske da tsaro, da rage shingayen da ba sa kama ɓarawo, da inshorar rai ga direbobi, da kuma aikin yi ga 'ya'yan unguwannin da kayan ke ratsawa.

Da yamma, ina kan gada zan koma arewacin gari, sai tirelar dattijon nan ta faɗo mini a rai. Ya ce da asuba zai ɗauki citta ya nufi Legas. Allah Ya kai shi lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa.