Akwati Biyu da Amfilifaya Guda: Abin da Wani Makaɗin Bas Ya Koya a Daren Bikin Ƙanwarsa

Akwai wani akanta a Kaduna da ya shekara 9 yana kaɗa jitar bas a asirce. Daga Litinin zuwa Juma'a yana kan teburinsa yana daidaita lissafin kamfani, ranar Asabar kuwa sai ya ɗauki jitarsa ya bi wata ƙungiyar makaɗa mai zuwa wuraren dina. Mahaifinsa, tsohon ma'aikacin reluwe, bai taɓa hana shi da baki ba, amma bai taɓa tambayarsa yadda wasa ya gudana ba. A ganin tsohon, wanda aka kashe wa kuɗin jami'a bai kamata a gan shi a sahun makaɗa ba. Da aka sa ranar auren ƙanwarsa, ita da kanta ta roƙi ƙungiyar yayanta ta yi wasan dina, tsohon ya yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin yarda. Wannan ne karo na farko da zai ga ɗansa riƙe da jita.

Akantan ya ƙudura cewa ba zai ji kunya ba. Ya sayar da tsohuwar amfilifayarsa mai wat 100, wadda ke haɗe da sifikarta a akwati guda, ya ƙara da ajiyar wata 5, ya sayo wata da aka rubuta wat 1,000 da manyan haruffa a goshinta, tare da babban akwatin sifika. Da ya ji cewa a fili za a yi taron, ya aro akwati na biyu a wurin wani abokinsa. Ya jona akwatin farko da amfilifaya, ya jona na biyu a bayan na farko, ya murɗa maɓallin kaurin sauti har ƙarshe. Minti 40 komai na tafiya daidai. Ana cikin kiɗan shigowar amarya, sai bas ya ɗauke ɗif. Ya kashe, ya kunna, sauti ya dawo na ɗan lokaci ya sake ɗaukewa. A karo na uku sai ƙauri ya tashi. Amarya ta ƙarasa shigowa da ganga da piyano kawai, kiɗan ya koma fayau kamar miyar da ba gishiri, shi kuwa yana tsaye da jita a wuya, mahaifinsa na kallonsa daga teburin gaba.

Ranar Litinin da yamma ya kai amfilifayar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Dattijon ya kwance ta, ya duba, sannan ya tambaye shi om nawa ne aka rubuta a bayan kowane akwati. Akantan ya ce bai duba ba. Aka buga wa abokin waya, ya ce nasa om 4 ne. Na akantan ma om 4. Dattijon ya juya bayan amfilifayar, ya nuna masa wani ƙaramin rubutu kusa da soket.

"Ɗana, karanta nan. An ce kada a sauka ƙasa da om 4. Kai kuwa om 2 ka ba ta."

"Baba, ai 4 da 4, 8 ne."

"A littafinku na ofis haka yake. A nan kuwa 2 ne."

Om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata. Idan aka jona akwati biyu ta soket ɗin da ke bayansu, a mafi yawan lokuta an buɗe wa wuta hanya biyu ne a jere da juna, kamar an fasa ƙofa ta biyu a ɗakin da jama'a ke turereniyar fita. Turjiya ta ragu ke nan. Akwati biyu masu om 8 suna komawa om 4, biyu masu om 4 suna komawa om 2, mai 8 da mai 4 kuwa suna ba da kusan 2.7. Da turjiya ta ragu da rabi, wutar da ake zuƙa daga amfilifaya ta ninka, zafi kuma ya hau. Ɗaukewar farko da ta yi a wurin biki kariya ce da aka gina mata don ta huce. Da ya yi ta tilasta mata tashi, sai tiranzistocin da ke fitar da sauti suka ƙone.

Abin da ya fi damun akantan shi ne dalilin da ya sa tun farko ya ji yana bukatar ƙarfi mai yawa haka, alhali mai jitar ƙungiyar yana cika fili da amfilifaya mai wat 50. Amsar tana cikin yanayin sautin kansa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas mai tsirkiya 4 tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, rabin na jita ta yau da kullum, wadda tata ke kaɗawa sau 82. Mai tsirkiya 5 tana sauka har kusan 31. Tsawon zango guda na sautin da ke kaɗawa sau 41 ya haura mita 8. Kafin sifika ta haifar da irin wannan sauti, dole fatarta ta tura iska mai yawa, kamar yadda tambari ke bukatar faɗin fata da zurfin ciki da kalangu ba ya bukata. Ga kuma kunnen ɗan Adam da ba ya yi wa kaurin sauti adalci. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, masu bincike a Bell Labs ta Amurka, suka nuna cewa sauti mai kauri sai ya fi na tsakiya ƙarfi sosai kafin kunne ya ji su daidai.

Tarihin kayan ma kokawa ce da wannan matsala. Leo Fender ya fito da jitar Precision Bass a 1951, a 1952 kuma ya biyo ta da amfilifayar Bassman mai sifika guda ta inci 15. Daga baya aka mayar da ita mai sifika 4 na inci 10, sai masu jita suka fi masu bas son ta, har Jim Marshall a Ingila ya gina amfilifayarsa ta farko a 1962 a kan tsarinta. A 1960 kamfanin Ampeg ya fitar da B-15, ƙarama mai wat 25 zuwa 30, wadda ta yi suna a ɗakunan ɗaukar sauti. Da taruka suka koma manyan filaye, kamfanin ya fitar da SVT a 1969, mai wat 300, da akwati mai sifika 8 na inci 10, ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da ita a wannan shekarar. Kan amfilifayar kaɗai ya kusa kilo 40. Yau kuwa akwai masu tsarin da ake kira Class D, masu wat 500, da nauyinsu bai kai kilo 3 ba.

Sai dai adadin wat yana ruɗin mai saye, kuma akantan, da yake ma'abocin lambobi ne, ya fi kowa faɗawa tarkon. Da farko, wat 1,000 da ke goshin amfilifayarsa ƙololuwar abin da take iya fitarwa ne na ƙiftawar ido. Ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, wanda ake rubuta RMS a gefensa, bai wuce rabin haka ba. Na biyu, ana auna ƙarar sauti da desibel, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, bambancin da kunne ke ji amma ba ya girgiza kowa. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato a ninka wat sau 10. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da ta fi cancantar a duba tana jikin akwati: desibel nawa yake bayarwa idan aka ba shi wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Akwatin da ke ba da 100 zai yi da wat 250 abin da mai 97 sai da wat 500 zai yi. Sifika dai mabarnaciya ce, domin abin da take mayarwa sauti daga wutar da ta sha yawanci bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Saura zafi ne da ke taruwa a siririyar wayar da aka naɗe a tsakiyar maganaɗisu, kuma ita ce ke ƙonewa idan aka matsa.

Akwatin kansa ba katako ne kawai da aka rataya wa sifika ba. Girman cikinsa da ramin da aka huda masa lissafi ne, wanda Neville Thiele da Richard Small suka shimfiɗa ƙa'idojinsa a Ostireliya tsakanin 1961 da farkon shekarun 1970. Akwai kuma wata doka da ake jingina wa Anton Hofmann, cewa abu uku ne mai ƙera akwati ke so: ƙanƙanta, zurfin sauti, da ƙara mai yawa a wuta kaɗan, amma biyu kawai zai samu. Duk wanda ya ce ƙaramin akwatinsa ya haɗa ukun, akwai abin da bai faɗa ba. Akwati mai rami yana ƙarfafa sauti a daidai inda aka saita ramin, amma ƙasa da nan fatar sifika ba ta da iskar da za ta tokare ta, sai ta yi ta lilo a banza har ta yage. Murɗa maɓallin kauri har ƙarshe, kamar yadda akantan ya yi, yana tura mafi yawan ƙarfin amfilifaya zuwa wannan yanki da jama'a ba sa ji. Abin da ke sa a ji bas a cikin hayaniyar ganguna shi ne sautin tsakiya, wanda shi kuma ya rage.

Wuri ma yana da nasa hukuncin. A cikin zaure, bango da daɓe suna maido da kaurin sauti, akwatin da aka ajiye a kusurwa yana samun ƙari kyauta, wani lokaci har ya yi yawa ya koma gurnani. A fili babu bangon da zai taimaka, kuma duk sanda nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da desibel 6. Shi ya sa ƙwararru ba sa ɗora wa amfilifayar bas nauyin cika fili. Suna jan waya daga mafitar DI da ke bayanta zuwa na'urar haɗa sauti, manyan sifikun taro su kai wa jama'a, amfilifaya kuwa ta tsaya a aikin jiyar da makaɗin da abokan wasansa.

Dattijon ya ƙara masa da abubuwan da suka shafi nan gida. Wutar Nijeriya volt 230 ce, ta Amurka 120, don haka amfilifayar gwanjo da ta fito daga can sai an duba bayanta, in ba ta da maɓallin sauya wuta sai an haɗa ta da tiransifoma. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, dab da sautin G na tsirkiya mafi kauri, mai 49, shi ya sa gunjin wuta ke cakuɗa da kiɗan bas idan waya ta lalace ko babu waya ta ƙasa. Janareta da aka haɗa wa firiji da fitilu wutarsa na hawa da sauka, gara a sa na'urar daidaita wuta a tsakani. Wayar jita siririya ce a ciki, ba a jona akwati da ita, sai da wayar sifika mai kauri. Amfilifaya mai bawul kuwa, irin su SVT ta asali, ba a kunna ta ba tare da an jona mata akwati ba, domin tiransifomarta na iya ƙonewa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, a riƙa share ta.

Gyaran ya ci kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin amfilifayar. Akantan ya biya, ya sayar da ita tare da babban akwatin, bayan ya gaya wa mai saye duk abin da ya same ta. Ya ɗauki wata 4 kafin ya sake saye, kuma a wannan karo da jitarsa ya je shago, ya gwada kowace da ƙarar da zai yi wasa da ita, ya tsaya nesa ya sa wani ya kaɗa masa. Ya zaɓi ƙaramin kai mai wat 500 a om 4, da akwati biyu iri ɗaya masu om 8. Ɗaya yake ɗauka zuwa ƙaramin zaure, inda amfilifayar ke ba da kusan wat 300. A fili ya haɗa biyun su koma om 4 daidai. Duka suna shiga bayan motarsa, kuma shi kaɗai yake ɗaukarsu. Ya sayi abin toshe kunne, da ya karanta cewa desibel 85 na awa 8 shi ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi.

Ƙanwarsa ta daɗe da yafe masa, har tana tsokanarsa da zancen. Mahaifinsa ne bai ce komai ba, sai wata Juma'a bayan sallar la'asar, suna zaune a ƙofar gida, ya tambaye shi abin da ya kashe injin nasa a daren nan. Akantan ya yi masa bayanin om 4 da om 2, yana jiran a ce masa dama an faɗa. Tsohon ya jinjina kai.

"Mu a reluwe, kowane kan jirgi akwai tan ɗin da aka rubuta masa. Direban da ya yarda aka ƙara masa tarago don yana son a yabe shi, a hawa yake tsayawa. Yanzu ka san nauyin naka?"

"Na sani, Baba."

"To. Yaushe ne wasanku na gaba?"

Ya ce Asabar mai zuwa, a wani zaure a Barnawa. Tsohon bai ce zai je ba, ya dai tambayi ƙarfe nawa ake farawa. A ranar, akantan ya isa tun awa 2 kafin lokaci, ya durƙusa a bayan akwatunan da fitilar wayarsa, ya sake karanta lambobin da ya riga ya haddace, sannan ya jona waya.