Harajinmu da malamin lissafi

Tun da aka fara maganar sabbin dokokin haraji, jama'a suka rabu gida biyu. Wasu na cewa makarantu ba za su gyaru ba sai an tara ƙarin kuɗi, wasu na cewa ko sisi kada a ƙara. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, kafin alat ya shigo an riga an yanke nawa harajin, don haka ina da bakin magana. Abin da ya dame ni shi ne wa ke koya wa yaranmu lissafi.

A 2020 an ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Hukumar UBEC kuma, bisa dokar 2004, tana samun kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sun bar biliyoyi a kwance. Wanda aka karɓo kuwa, akasari a gini da fenti da katanga yake ƙarewa, don nan ake ba da kwangila. Horar da malami ba shi da allon da za a rubuta sunan gwamna.

Ku duba ta inda malaman ke fitowa. A 2025, da maki 100 cikin 400 na JAMB ana iya shiga kwalejin ilimi. Yaron da kansa ke ja a lissafi injiniya zai nema ko aikin banki, wa zai ga laifinsa? A Kaduna a 2017, malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, aka sallame su. To amma wa ya horar da su, wa ya ɗauke su aiki?

'Yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, duk wata sai na biya mata malamin lesin. Haraji na biyu ke nan. Masinjan ofishinmu ba shi da wannan halin, kuma ɗansa in ya rasa kiredit a lissafi, ƙofar likitanci da injiniya ta rufe masa.

Jama'a, a karɓi haraji, ba mu ƙi ba. Amma a ɗauki malami da jarrabawa, ba da takardar ɗan siyasa ba. A ba malaman lissafi alawus ɗin da zai riƙe su a aji. Kowace jiha kuma ta fito ta faɗa mana nawa ta kashe a kan malami, nawa a kan bulo.

Allah Ya sa mu dace.