Abincin masuntan Faransa a farashin attajiran Legas

Tun da na saka hoton gidan abincin nan na Victoria Island ake ta tsokanata, wai na zama Bafaranshe. To bari in faɗa muku abin da ke cikin farantin.

Mu 'yan sashen Faransanci aka gayyata, wani ne ya biya, don kuɗin faranti ɗaya ya kai abin da nake ci a mako biyu a Akoka. Girkin wurin na kudancin Faransa ne, yankin Provence da ke bakin Bahar Rum, inda Marseille da Nice suke. Arewacin ƙasar da man shanu suka fi girki. Su kuwa 'yan kudu man zaitun ne, da tafarnuwa, da tumatir, da kifi.

Abin da ya fi tsada a takardar shi ne bouillabaisse. Sunan kawai ya isa ya sa mutum ya gyara zama. Amma asalinsa farfesun masuntan Marseille ne. Idan sun sayar da kifi mai kyau, ragowar mai ƙaya da babu mai saya shi suke zubawa a tukunya da albasa da tafarnuwa su ci da busasshen burodi. Daga baya aka ƙara masa za'afaran da kifi mai tsada, har a 1980 masu gidajen abinci a Marseille suka rubuta yarjejeniya kan irin kifin da dole ya shiga kafin a kira shi da sunan. Wato abincin rufin asiri ne ya samu takardar shaida.

Ratatouille kuwa, wadda na ci, ta Nice ce. Baƙar gauta doguwa, wata 'yar kabewa koriya, tattasai, tumatir, albasa, a soya a man zaitun a bar su su nuna tare. Wallahi da daddawa da attarugu a ciki, da na ce miyar gida ce. Ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Kowane kayan lambu ana jin ɗanɗanonsa daban, ba a markaɗe shi ba, wannan kam sun iya. Sai dai babu yaji ko kaɗan, kuma abin da aka zubo bai kai ya riƙe mutum zuwa la'asar ba.

A bayan ginin na ga wani bawan Allah yana sauke kwanduna, na ji yana waya da Hausa. Na ce, "Malam, daga ina kayan?" Ya ce, "Mil 12 mana, ɗan uwa." Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar nan ya san manyan motocin da ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga ina suke tasowa. Man zaitun ne dai ya hau jirgi.

Adon wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Bango fari fat mai ɗan kaushi kamar yaɓen hannu, tagogin katako shuɗi, daɓe na jan tayil, manyan tuluna a lungu, fitilu a cikin kwando, ƙofofi masu bakan gizo. Abokan karatuna sai ɗaukar hoto suke. A can bakin Bahar Rum waɗannan abubuwa suna da dalili: farin bango yana mayar da zafin rana, kaurinsa yana riƙe sanyi, tagar katako tana tare rana ta bar iska ta shigo. Dabarar soron ƙasa ke nan. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ba zai ga baƙon abu ba. A nan Legas kuwa tagogin manne su aka yi a bango, ba sa buɗuwa, na'urar sanyaya ɗaki ce ke aikin. Tulunan ma babu ruwa a ciki. Mu kuma a gida muna rushe soro mu kafa kwano, mu fasa randa mu sayi roba, sannan mu zo nan muna jin kunyar taɓa cokali.

Wanda aka gayyata irin wurin nan ya je, amma ya yi tambaya kafin ya ci. Daube, naman sa ne, amma a giya ake dafa shi. Idan kun ga lardons a takarda, guntayen naman alade ne. Ko farfesun kifin ma wasu suna zuba masa farar giya. Na tambayi mai kawo abincin, ya shiga kicin ya dawo ya nuna mini guda uku da babu ko ɗaya a cikinsu, bai ɓata rai ba. Ɗaya daga ciki socca ce, wainar garin wani wake mai kama da gurjiya, wadda a Nice a bakin titi ake yanka ta a sayar da zafinta.